Shekarar da Fadamar Likoro Ta Fita Hannunmu

Da sallar da ta wuce ina kishingiɗe a falo na jiyo ɗayanku a tsakar gida, ba zan kama suna ba, mai abin ya san kansa, yana ba abokansa labari har da ƙyalƙyala dariya, wai Baffanku ya sayar da fadamar Likoro a banza a wofi saboda bai san mene ne inshora ba. Wallahi da hannun daman nan nawa yana da ƙarfinsa na dā, da sandata ta riga maganata isa wurinsa. Tun ranar na kasa sukuni. In na zauna sai in ji kamar in tashi, in na tashi kuma ƙafar ta tuna mini cewa ba ni da wurin zuwa. Shi ya sa na ɗauki biro da hagu, ina jan sa a hankali, don in faɗa muku yadda abin ya faru tun ina da sauran numfashi.

Ku kun san shi da Baffa, ni kuwa Yaya nake ce masa, ban taɓa kama sunansa a gabansa ba har ya bar duniya. Mahaifinmu ya rasu ban gama wayo ba, Yaya Isiyaku kuwa ko gemu bai tsayar ba, amma shi ya ɗauki gidan a ka. Abin da aka bar mana mai daraja ɗaya ne, fadamar nan ta bakin rafi, inda rake yake tsawo har ya rufe mutum a kan jaki. Da raken nan aka yi mini kayan makaranta, da mazarƙwailarsa aka kai ni kwalejin koyon aikin gona, har na fito na zama malamin gona a Maƙarfi. Ni mutum ne mai rawar ƙafa tun asali, mahaifiyarku shaida ce, yau ina Ikara gobe ina Nasarawan Doya, babur ɗina bai san hutu ba. Amma duk rawar ƙafata ban taɓa yin wani abu babba ba sai na je zauren Yaya na durƙusa na faɗa. Babur ɗin ma da shawararsa na saya. Auren mahaifiyarku shi ya je ya karɓo.

A shekarar da abin ya faro haya ta gama gallabar mu. Wannan mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, mu tashi. Wancan ya ce ya sayar. Safiya, ke kin isa ki tuna ranar da aka jibge kayanmu a kura, ruwa yana dukan katifa, mahaifiyarku tana rufe tukwane da zaninta. Ana cikin haka aka ce wani banki zai ba ma'aikata rancen gina gida, a riƙa cira a albashi shekara da shekaru. Ai kafin a rufe baki na isa sakatariya. Ma'aikacin da suka turo, wani dogo mai sanyin murya, ya zaunar da ni ya ce ba a ba da rancen sai da inshorar rai, wato in mutum ya mutu bai gama biya ba, kamfani ya biya sauran, gida ya zama na iyali. Wannan dole ce. Sai ya ce akwai ta biyu, ita kuwa ganin dama ce, ta ciwo mai tsanani. In mutum bai mutu ba amma ya kwanta kwanciyar da ba ya iya aiki, kamar shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ko daji, ita ma za ta share sauran rancen.

"Malam Habibu," in ji shi, "mutane suna tsoron mutuwa, amma mu a nan abin da muka fi gani yana raba iyali da gida shi ne doguwar jinya. Mai gida yana nan da ransa, aiki kuwa ya tsaya."

Na ce masa zan yi shawara. Na fito kaina yana juyawa. Kalmar inshora kanta ba ta kwanta mini ba, don tun muna yara muke jin ana cewa caca ce da ƙaddara. Na hau babur na nufi Ikara wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a gabansa. Ya ce malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan, amma akwai tsarin da ake kira takaful, wanda jama'a suke zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, duk wanda masifa ta faɗa wa a ɗiba a tallafa masa, kuma ba a juya dukiyar ta hanyar riba ta haram. Ya ce shi dai hankalinsa ya fi kwanciya da wannan. Na koma na tambaya, aka ce bankin yana karɓar takaful. Wannan ƙofa ta buɗe, saura ta Likoro, wurin Yaya.

Ranar da zan tafi mahaifiyarku tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce:

"Malam, in ka san za ka yi abin nan, kada ka tambaya. In ba ka tambaya ba, mantuwa ce, a yi maka faɗa a wuce. In ka tambaya ya ce a'a, ka ɗaure kanka da hannunka."

Na ce, "Haba Hajara, ni ne zan ci rancen gida Yaya ya ji a bakin mutane?"

Ta ce, "Rancen ka faɗa masa. Na ciwon nake nufi."

Ban ji ba. Na same shi bayan la'asar a zaure, ya dawo daga fadama, ƙafafunsa duk laka, yana gyara ƙotar fartanya. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki da babur. Da na kawo maganar gini sai fuskarsa ta washe, ya yi ta sa albarka. Da na zo kan inshorar rai ya ce tunda dole ce babu yadda za a yi, Allah yana ganin zuciya. Sai na kawo ta biyun, na yi masa bayani dalla-dalla, irin na malamin gona, har da cewa ta farkon ba ta aiki sai an mutu. Ya ajiye fartanyar.

"Ita wannan wa ya tilasta ka?"

Na ce, "Babu, Yaya."

"Wato kai da ƙafarka za ka je ka zauna gaban baƙo, ka lissafa cututtuka a kan kanka, ka ce in na shanye, in ƙodata ta lalace? Wane irin mugun fata ne wannan? Bar ma wannan. Habibu, ina raye ko na mutu?"

Na sunkuyar da kai.

"Lokacin da ƙyanda ta kusa ɗauke ka, wane kamfani ne ya goya ka daga nan zuwa Hunƙuyi? In ka kwanta, ni ne. In aka zo taɓa gidanka, ni za a fara tararwa a bakin ƙofa. Ban yarda ba, kada in sake ji."

Na ce to. Me zan ce? Na hau babur na kamo hanya, amma ban san yadda na iso Maƙarfi ba. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. In ina gaban manoma ina nuna musu tazarar shuka, sai in tsinci kaina ina kallon ƙasa. Akwai wani abokin aikinmu a Ikara da hawan jini ya buge, na je duba shi na tarar an mayar da shi ƙauye, an kwantar a ɗakin ajiyar hatsi, 'yan'uwansa sun sayar da shanu sun sayar da gona, har sun fara kallon juna. Ga kuma kawunnanmu biyu, duk hawan jini ne ya kwantar da su. Ina so ku fahimci wannan da kyau, don a nan ne kowa yake kuskure. Ni ban taɓa shakkar Yaya ba, ko na ƙiftawar ido. Abin da ya hana ni sakat shi ne na tabbata zai cika alkawarinsa, kuma na san abin da zai sayar ya cika shi. Ba shi da komai sai fadamar nan, ga shi da 'ya'ya sun fi nawa yawa. Na je aka gwada jinina, aka ce ya ɗan hau, aka ƙara mini gudummawar da zan riƙa zubawa, na ce na ji na gani, na sa hannu.

To sai faɗa. A wurinmu ƙarami ba ya zama gaban babba ya ce ka hana ni na yi. Ba tsoro ba ne, bakin ne ba ya buɗewa. Abin da ake yi shi ne a nemi wani babba, sa'an mutum, ya kai maganar ya shafa mata mai. Na tafi kasuwar Hunƙuyi wurin Alhaji Ɗanlami mai hatsi, aminin Yaya tun suna makarantar allo. Na same shi a kan buhunan masara, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai Habibu, ka cika ɗaukar zafi! Isiyakun? Bar mini shi. Sai na ga fuska tukuna, irin wannan magana ba a jefa ta haka kawai."

Bayan ɗan lokaci na sake biyawa na ce, "Alhaji, an isar kuwa?"

Ya ce, "Ka je Likoro kwanan nan?"

Na ce na je.

"Ka ga ya canza maka fuska?"

Na ce a'a, har ma rake ya ɗaura mini a babur.

Ya ce, "To me kake nema kuma?"

Na taho ina murna, na faɗa wa mahaifiyarku cewa an isar, Yaya ya haƙura. Ranar da muka tare a gidan nan shi ya zo da almajirai aka yi saukar Alƙur'ani, ya dafa bango ya yi addu'a. Ina kallonsa ina cewa a raina, kai, wannan mutum akwai girman zuciya, na saɓa masa amma ko a fuska bai nuna ba. Shi kuma ashe yana kallona yana cewa wannan yaro akwai biyayya. Don Alhaji Ɗanlami bai faɗa ba. Ba da mugunta ba, Allah ya jiƙansa. Da farko damina ta yi gardama, ya ce ba yanzu ba. Sai aka shiga hidimar aurar da 'yar Yaya, ya ce ba a ɓata wa mutum rai cikin biki. Daga nan kuma maganar ta tsufa, shi kansa ya fara jin nauyin tono ta. Haka muka yi shekaru, kowa yana jin daɗin ɗan'uwansa a kan abin da bai faru ba.

Abin ya same ni a Nasarawan Doya da hantsi, ina tsaye a gonar gwaji ina magana. Na ji harshena ya yi nauyi, kunyar gona ta taso ta same ni a fuska. Na farka a asibiti a Zariya, ɓarin dama ba nawa ba ne, bakina ya karkace. Ina ji, ina gani, ina gane kowa, amma in na nemi kalma sai in tarar babu ita. Ku da kuka san ni, mutumin da ba ya iya zama a gama shan shayi, ku auna yadda na ji a kan gadon nan. Mahaifiyarku, Allah ya yi mata albarka, ba ta tsaya kuka ba, ta sa Safiya ta sanar da kamfanin, aka ce a jira rahoton likita.

Sai ga Yaya. Yana yin sallama mahaifiyarku ta ja mayafi ta durƙusa ta gaishe shi ta fice, kamar yadda ta saba, don ba ta taɓa zama ɗaki ɗaya da yayan mijinta ba. Ya zauna a bakin gado ya kama hannun da ya mutu yana murzawa. Can ya sunkuyo ya ce:

"Kada ka sa komai a ranka. Na hana ka abu ka hanu, ka bi maganata ba ka ƙi ba. To ni ma zan cika tawa. Gidan nan babu mai taɓa shi."

A take na gane komai. Na yunƙura in ce Yaya tsaya, na sa hannu, kada ka taɓa fadama, amma abin da ya fito daga bakina wani gurnani ne da yawu. Na damƙe rigarsa da hagu ina ja, hawaye yana zuba. Ya shafa kaina.

"Haba, bar godiya. Tsakanina da kai akwai godiya?"

Ya ɓamɓare yatsuna daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya tafi. Ban taɓa shiga tashin hankali irin na kwanakin da suka biyo baya ba. Mahaifiyarku ta shigo ina nuna ƙofa ina gurnani, ta miƙo ruwa. Na ture kofin, ta kira ma'aikaciyar jinya aka ƙara mini allura. Na nuna biro aka ba ni, na riƙe da hagu, amma haruffan sun watse mini, abin da na zana ko ni ban gane shi ba. Ita a saninta Yaya ya san da takaful tuntuni, ni na faɗa mata da bakina. Shi kuma ba mutumin da zai je ya sanar da matar ƙanensa alherin da zai yi ba ne. Ko Alhaji Ɗanlami bai nema ba, don kada a hana shi. Ya samo wani mai hali daga Kudan, aka tara shaidu, aka yi ciniki shiru, da raken da ke tsaye a ciki.

An sallamo ni na dawo gidan nan, na fara haɗa kalma ɗaya biyu da ƙyar, kamfani kuma ya riga ya aiko cewa an amince, sun share sauran rancen. Ranar wata Laraba da azahar sai ga sallamarsa. Ya shigo ɗakin da nake, riƙe da wata jaka da ya naɗe da rawani, ya ajiye a gefen katifata. Mahaifiyarku tana bayan labule. Ya ɗaga murya yadda za ta ji, ba tare da ya dubi wajen ba.

"A samo wanda zai raka ni bankin nan gobe. A biya su, a karɓo takardun gida."

Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na ce, "Fa... fadama?"

Ya ce, "Ƙasa ce. Allah zai ba da wata."

Sai na ji labule ya motsa. Matar da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba ta shigo har tsakiyar ɗaki ta durƙusa ta ce:

"Yaya, ka gafarce ni. An biya. Ya shiga na ciwon tun farko, ya aiki Alhaji Ɗanlami ya faɗa maka. Mu duk a zatonmu ka sani."

Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi jakar. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi, amma bai yi ba.

Fadamar dai ba ta dawo ba, gara in faɗa muku tun nan. Mun aika manya, Alhaji Ɗanlami ya yi sawu har ya gaji, yana kuka yana cewa shi ya jawo. Mutumin Kudan ya ce ciniki ya faɗa a gaban shaidu, kuma gaskiyarsa ce, ba a yi masa dole. Da kuɗin da ke cikin jakar nan Yaya ya sayi gonar tudu can nesa da rafi, wadda ba ta yin komai sai dawa. 'Ya'yansa da suka tashi suna shan rake a gonar ubansu suka koma saye a bakin titi. Ku kuwa kuka girma a gida naku na kanku, babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa muku ƙofa. Har gobe ban ce na yi kuskuren sa hannu ba, kuma har gobe in na wuce bakin rafin nan a mota sai na kawar da kai.

Amma a ranar ba maganar fadama ya yi ba. Cewa ya yi, a hankali, kamar mai magana da kansa:

"Ashe ko kwanciya ka yi, ba ka bar mini abin da zan yi maka ba."

Na so in ce don kai na yi, don fadamar na yi, amma kalmomin sun fi ƙarfin harshena. Ya miƙe ya ɗauki jakarsa, ya kai bakin ƙofa ya zura takalmi ɗaya. Na tabbata in ya fita a haka, zai ci gaba da zuwa gaisuwa da suna da jana'iza, amma na rasa yayana. Sai ya tsaya, bai juyo ba, ya ce:

"Hajara, shi kamfanin, akwai abin da bai ɗauka ba?"

Ta share fuska da bakin mayafi ta ce, "Ba sa juya shi, Yaya. Ba sa yi masa wanka. Ni kuma ba na iya ɗaga shi ni kaɗai."

Ya zare ƙafarsa daga takalmin. Ya dawo ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya naɗe hannun 'yar ciki har gwiwar hannu, ya ce mata ta ɗora ruwan ɗumi. Sannan ya durƙusa a gaban katifata ya juya mini baya, ya jawo mataccen hannuna ya ɗora a kafaɗarsa.

"Riƙe da mai ran," in ji shi. "Ka yi nauyi, amma zan iya."